Kafin Ka Sauya wa Kwamfutarka Inji

Masu injin niƙa a unguwar Barunde da ke Gombe sun san wani abu da yawancin masu shagon kwamfuta ba sa ganewa sai kuɗinsu ya tafi. Idan aiki ya yi wa mai niƙa yawa, robobin masara da gero da wake suka yi layi har bakin hanya, mata na ta aiko yara su ji ko an niƙa, ba ya tashi haka kawai ya tafi kasuwa ya ɗauko inji mafi girma. Tsugunawa yake yi ya dubi dakalin simintin da tsohon injin yake zaune a kai, ya auna tazarar da ke tsakanin ƙusoshi huɗun da aka binne a ciki. Ya duba fuli da bel. Ya duba mazubi, ya ga mudu nawa yake ɗauka a zubi ɗaya. Ya san cewa sabon inji, komai ƙarfinsa, idan ramukan ƙafafunsa ba su faɗa kan ƙusoshin nan ba, sai an fasa dakali an zuba wani. Idan an zuba wani, fulin da bel ɗin ma sai an sake su. Kafin ya ankara, kuɗin abu ɗaya ya zama kuɗin abu uku.

Kwamfutar tebur haka take, ba ragi ba ƙari. Kuma maganar ta shafi mutane da yawa a unguwar nan da kewayenta: masu buga wa ɗaliban Jami'ar Jihar Gombe da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya furojet, masu zana katin biki da fasta da kalanda a CorelDraw, masu haɗa bidiyon ɗaurin aure da walima, da masu koya wa yara amsa tambayoyi a kwamfuta tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015. Kusan duk kwamfutocin da ke kan teburan nan 'yan gwanjo ne, HP da Dell da Lenovo da ofisoshin Turai da Amurka suka gama mora, suka shigo ta Legas, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Kano kafin su iso Gombe. Sun yi aiki, suna kuma yi. Amma rana takan zo da mai shago zai danna fayil ya tsaya yana kallon da'irar nan tana juyawa, kwastoma na tsaye a kansa yana duba agogo. Ranar ce yake cewa zai ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi.

Furosesa ita ce injin, ita ke niƙa lissafi. Madabod shi ne dakalin, haɗe da fulinsa da bel ɗinsa, domin a kansa komai yake zaune, ta cikinsa kuma komai yake isa ga komai. Ram shi ne mazubi, inda abin da ake niƙawa a yanzu yake jira a bakin inji. Da an kashe wuta ya zama wayam. Had dis kuwa shi ne siton da ake jibge buhuna, yana can bayan gida, sai an aiki yaro ya ɗebo.

To ga kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane. Mai niƙa mai hankali yakan saurari injinsa. Idan ya ji yana nishi, hayaƙi ya yi baƙi, bel na zamewa, ya san ƙarfi ne ya gaza. Idan kuwa ya ji injin na gudu fayau yana shan mai a banza, haƙora na karo da juna ba hatsi a tsakani, ya san laifin ba na inji ba ne: ko mazubin ya yi kaɗan, ko yaron da ke ɗebowa daga sito ne ba ya sauri. Wanda ya sayi babban inji a wannan hali ya ƙara wa kansa kuɗin mai ne kawai, garin da zai fito bai ƙaru da ko cokali ɗaya ba. Kwamfuta ma ana sauraronta, kuma kyauta ne. A lokacin da take cikin nauyin nan da ke ba ka haushi, danna Ctrl da Shift da Esc tare, shafin Task Manager zai buɗe, ka shiga inda ake nuna aikin kowane ɓangare. Idan furosesa tana kan kashi 20 ko 30 cikin ɗari, ram ya cika maƙil, dis kuma ya manne a kashi 100, to injinka lafiyarsa lau, yunwa yake ji. A shagunan buga takardu, abin da aka fi gani ke nan.

Dalilinsa a fili yake. Da yawa daga kwamfutocin gwanjo suna zuwa da ram mai gigabait 4 da tsohon had dis mai faifai. Windows kaɗai ya cinye fiye da rabin mazubin kafin ka buɗe komai. Ka buɗe Chrome da shafuka biyar, ka buɗe Word, ka ɗora hoton amarya a CorelDraw, mazubi ya cika ya tumbatsa. Sai Windows ya shiga kwashe abin da ya rage yana mayarwa sito, in an buƙata a sake ɗebowa, yaro na ta safa da marwa. Tsohon had dis, wanda faifansa ke juyawa sau 7,200 a minti, da ƙyar yake wuce megabait 150 a daƙiƙa, idan kuma ƙananan fayiloli ne warwatse sai ya faɗi ƙasa da haka sosai. SSD, wato dis maras faifai, ko da na talaka ne mai shiga igiya ɗaya da tsohon, yana kai wajen 500, ba ya kuma ɓata lokacin neman inda abu yake. Sa SSD daidai yake da kwaso buhuna daga bayan gida a jera su a gindin inji. Wanda ya mayar da ram ɗinsa gigabait 8 ko 16, ya ɗora Windows a kan SSD, sau da yawa yakan rantse an sauya masa kwamfuta, alhali ba a taɓa furosesa ba. Ni a ganina duk mai gyaran da bai fara gaya wa mutum wannan ba, ya tafi kai tsaye ga sayar masa da furosesa, bai yi masa adalci ba.

Sai dai mazubi ma ba kowanne ke hawa kowane inji ba. Ram iri-iri ne: DDR3 da ya fito a 2007, DDR4 a 2014, sai DDR5 da ya shigo kasuwa a 2021. Tsawonsu ɗaya, mai kallo daga nesa zai ce abu ɗaya ne, amma kowanne akwai 'yar tsaga a gefen haƙoransa na zinariya, kuma tsagar ba wuri ɗaya take ba. Da gangan aka yi haka, domin wutar da suke sha ta bambanta: DDR3 bolt 1.5, DDR4 bolt 1.2, DDR5 bolt 1.1. Idan ram ya ƙi shiga, kada ka danna da ƙarfi, ba nasa ba ne. Akwai kuma wani tarko a kasuwar gwanjo. Za a nuna maka ram mai gigabait 16 da araha mai ban mamaki, ka duba takardar jikinsa ka ga lambar ta ƙare da harafin R, kamar PC3-12800R. Na manyan kwamfutocin kamfanoni ne, zai shiga ramin kwamfutarka tsaf amma ba za ta tashi ba. Na tebur da U yake ƙarewa, mai S kuma gajeren nan ne na laftof da ƙananan akwatuna. In za ka iya, sayi biyu iri ɗaya maimakon ɗaya babba, 8 da 8 maimakon 16 guda, ka sa su a ramuka masu launi ɗaya, domin furosesa tana iya ɗiba ta hanya biyu a lokaci guda, kamar yara biyu na juye wa inji hatsi. In ka haɗa mai sauri da maras sauri, duka za su koma tafiyar maras saurin. Kuma idan Windows ɗinka mai bit 32 ne, ko ka zuba gigabait 16 ba zai ga abin da ya wuce 4 ba, sai an sake ɗora mai bit 64.

Yanzu a ce ka saurara, ka ga lallai injin ne ke nishi. Mai haɗa bidiyo ya fi kowa sanin wannan: ya sa a fitar da bidiyon biki bayan la'asar, har aka yi isha'i furosesa na kan kashi 100, fanka na kuka, aikin bai kai rabi ba. Nan ne maganar dakali take tasowa, kuma nan ne ya kamata mutum ya natsu.

Furosesa tana zama ne a cikin wani murabba'in gurbi a tsakiyar madabod, soket. A na kamfanin Intel, gurbin cike yake da ƙananan allurai sirara kamar gashi, kuma yawansu shi ne sunansa. LGA1155 allura 1,155 ne, ya fito a 2011, yana ɗaukar janareshan na biyu da na uku. LGA1150 ya biyo baya a 2013 da janareshan na huɗu. Allura biyar kacal ke tsakaninsu, girman furosesar ma ɗaya ne, amma ba mai shiga gurbin wani. A 2015 aka kawo LGA1151 don janareshan na shida da na bakwai. Sai Intel ta yi abin da ya rikita mutane da yawa: janareshan na takwas da na tara ma LGA1151 ne, allura ɗaya, furosesar za ta zauna daram a tsohon madabod, amma ba za ta tashi ba sai a kan madabod mai lamba ɗari uku da wani abu, irin su H310 da B360. Ramukan ƙafa sun faɗa kan ƙusa, fuli bai yi daidai da bel ba. Daga nan LGA1200 a 2020, LGA1700 a 2021 mai ɗaukar janareshan na 12 zuwa na 14, sai LGA1851 a 2024. Ka ga ke nan kusan duk bayan shekara biyu ko uku sai an fasa dakali.

Shi ya sa hirar nan take maimaituwa a wurin masu gyara. Mutum ya shigo da akwatinsa a kafaɗa, ya ajiye a kan benci.

"Injiniya, so nake ka sa mini i7."

"Maigida, wace i7? Ta wace shekara?"

"Au, i7 ba i7 ba ce?"

A'a, ba ita ba ce. Sunan nan da ke manne a gaban akwati, i3 ko i5 ko i7, matsayin furosesa ne a tsakanin sa'o'inta na shekara ɗaya. Abin dubawa shi ne lambar da ke biye. A i7-3770, lamba 3 da ke farko na nufin janareshan na uku, ta 2012. A i5-8500, takwas ɗin na nufin na takwas. A i3-12100, sha biyun na nufin na sha biyu, ta 2022. Wannan i3 ɗin, ƙaramar gidansu, ta fi waccan i7 ta 2012 ƙarfi nesa ba kusa ba, ta kuma fi ta ƙarancin shan wuta. Duk wanda ya ce maka "i7 ce, Alhaji" bai faɗi sauran lambar ba, ya gaya maka sunan kamfanin inji ne bai gaya maka ƙarfin dokinsa ba. Akwai kuma harafin ƙarshe. Furosesar Intel da ta ƙare da F, kamar i5-9400F, ba ta fitar da hoto da kanta, sai an saya mata katin hoto daban. Mutum zai haɗa komai, ya kunna, fanka na juyawa, allo baƙi ƙirin, ya ɗauka an cuce shi.

Idan dakalinka yana da sauran wuri, akwai sauyi mai sauƙi da ba ya buƙatar fasa komai. Ɗauki Dell OptiPlex 7010, wadda ta cika shagunanmu. Da yawa suna zuwa da i3-3220 mai kai biyu, wato kamar injuna biyu a cikin furosesa ɗaya. Soket ɗinta LGA1155 ne, saboda haka za a iya cire ta a sa i5-3470 mai kai huɗu, ko i7-3770, ram da madabod na nan yadda suke. Ga mai bidiyo, kai huɗu maimakon biyu bambanci ne da zai gani a agogo. I5 ɗin ta yi araha yanzu, kuma ta cancanci kuɗinta. I7 ɗin kuwa 'yan kasuwa sun san ita ce ƙarshen abin da dakalin zai ɗauka, sai su tsuga mata kuɗi, kuma bayanta ba sauran gaba. A nan nake cewa mutum ya dakata ya yi lissafi.

Abin da ya sa na ce haka shi ne Windows. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da buga takarda, amma gyare-gyaren tsaron da ke toshe ƙofofin ɓarayin intanet sun tsaya, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11, wanda ya fito a Oktoban 2021, yana neman furosesar Intel daga janareshan na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama a ɓangaren kamfanin AMD, da wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0. Masu gyara sun san dabarun ɗora shi a kan tsofaffi, amma kamfanin bai yi alkawarin ci gaba da aiko musu da gyara ba. Shagon da mutane ke shigowa da filashi iri-iri, ake buɗe imel da shafukan banki da na makarantu a cikinsa, ake ajiye hotunan fasfo da takardun haihuwar jama'a, bai kamata ya yi wasa da wannan ba. Amanar mutane ce a cikin akwatin nan. Saboda haka duk kuɗi mai nauyi da za a zuba a janareshan na biyu zuwa na bakwai, an zuba shi ne a dakalin da an riga an sa ranar fasa shi.

Idan kuwa za a fasa, a fasa gaba ɗaya da sani: furosesa, madabod da ram, a saye su a matsayin kaya ɗaya. Tsohon DDR3 ɗinka ba zai bi ka sabon gida ba. Madabod na LGA1700 ma iri biyu ne, akwai mai DDR4 akwai mai DDR5, kuma babu mai ɗaukar duka biyun a rami ɗaya, sai ka karanta kwalin. A nan AMD ta kyauta wa talaka. Soket ɗinta AM4, wanda furosesoshin Ryzen na farko suka hau a 2017, ya ci gaba da karɓar sababbi har zuwa Ryzen 5000 da suka fara fitowa a 2020. Wanda ya sayi madabod B450 da ƙaramar furosesa zai iya, bayan shekaru, ya ɗora Ryzen 5 5600G mai kai shida, wadda ke fitar da hoto da kanta, a kan dakalin nan dai. Sai a 2022 ta koma AM5, wanda DDR5 kaɗai yake karɓa. Ga mai tara kuɗi kaɗan-kaɗan, dakalin da zai karɓi inji na biyu ya fi wanda za a fasa da injin farko.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da kwamfutocin ofis na gwanjo, kuma ita ce ke ba mutane mamaki a ranar haɗawa. Tun 1995 akwai tsarin da Intel ta fitar mai suna ATX, wanda ya daidaita girman madabod da wuraren ƙusa, da shi ne kuma aka samu filogin wuta na bai ɗaya, mai rami 24 a yanzu. Kwamfutar da aka harhaɗa a shago tana bin wannan tsari, ka cire madabod ka sa wani lafiya lau. Amma manyan kamfanoni sukan yi nasu. OptiPlex 3020 da 7020 da 9020 filogin wutarsu mai rami takwas ne. HP da yawa na wancan lokaci mai rami shida ne. Wayoyin maɓallin kunnawa da na fanka ma nasu daban ne. Ka sayo sabon madabod na kasuwa, ka buɗe siririn akwatin HP, ka tarar ramukan ƙusa ba su dace ba, filogi bai shiga ba. Ga shi kuma tukunyar wutar siraran akwatunan nan ba ta cika wuce wat 240 zuwa 255 ba, ba za ta ja katin hoto mai nauyi ba. Ɗakin injin ne ya yi kaɗan, tankin mai ma ya yi kaɗan. Wanda ke da irin wannan, zaɓinsa biyu ne: ya sayi sabon akwati da tukunyar wuta tare da kayan ukun, ko ya sayar da tsohuwar yadda take ya cika kuɗi ya ɗauki 'yar gwanjo ta janareshan na takwas ko sama, ya mayar da SSD ɗinsa ciki. Sau da yawa na biyun ya fi sauƙi a aljihu. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023 kayan kwamfuta suka yi tsada, a ƙarshen 2025 kuma farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya baki ɗaya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira na kwashe shi. Ba lokacin sayen abin da za a ajiye a durowa ba ne.

Tukunyar wuta kuwa, kada a yi mata rowa. Maras suna mai arha, wadda ka ɗaga ka ji ba nauyi, idan ta tashi mutuwa takan tafi da madabod. Da yadda wutarmu ke zuwa da ƙarfi ta koma da rauni, ga sauyawa daga wutar gari zuwa janareto sau da yawa a yini, sitabilaiza da UPS suna cikin kuɗin aikin tun farko.

Ranar haɗawa, abin a yi shi a tsanake ne. A kwashe fayilolin mutane a ajiye a wani wuri tukuna. A zare filogi daga bango, a danna maɓallin kunnawa na 'yan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. Idan lokacin hunturu ne, lokacin da kake cire rigar sanyi ka ji tas-tas a jikinka, wannan 'yar wutar ta isa ta kashe ram, saboda haka a taɓa ƙarfen akwati kafin a taɓa komai, a riƙe kaya ta gefe. A ɗaga 'yar sandar soket, murfi ya buɗe. A kusurwa ɗaya ta furosesa akwai ɗan alwatika na zinariya, a soket ma akwai irinsa. A daidaita su, a ajiye ta a hankali, ta faɗa da nauyinta. Ba a dannawa, ba a jujjuyawa. Allura ɗaya ta lanƙwashe, wataƙila ramin ram ɗaya ya daina aiki, wataƙila madabod ɗin gaba ɗaya. Na ga masu gyara suna miƙar da irin alluran nan da tsinken allura da madubin ƙara girma, suna riƙe numfashi, kuma ba kullum ake dacewa ba. A Ryzen na AM4 alluran a jikin furosesar suke, saboda haka kada a ajiye ta a kan tebur ta cikinta.

Sai sanyaya. Kowane babban injin niƙa akwai gangar ruwa a gefensa, kuma mai shi ba ya barin ta ƙafe, don ya san ƙarshen inji mai zafi nokin ne. Furosesa tana da fanka da ƙarfen da ke zuƙe zafi, tsakaninsu kuma akwai wani farin mai ko toka-toka da ke cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani. A goge tsohon da ya bushe tas, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure ƙusoshin fankar a gicciye, kaɗan-kaɗan. Man goge baki ba ya maye gurbinsa, ko da wani ya ce ya gwada. Furosesa idan ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kada ta ƙone, sai ka ga kwamfuta na tashi da sauri da safe, da azahar ta koma jan ƙafa. A Gombe, inda zafin Maris da Afrilu ke kai digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke shiga ta toshe ƙarfen fanka kamar auduga, kwamfutoci da yawa da ake cewa sun tsufa ƙura ce kawai ta shaƙe su. A buɗe a hure su da abin hura iska, a sake musu mai, kafin a yanke musu hukunci. A ɗaga akwatin daga ƙasa kuma, a ɗora a kan tebur ko katako.

Abu ɗaya ne nake roƙon kada a yi shi da ganganci, wato sabunta BIOS, ɗan shirin da ke cikin madabod wanda ke gane furosesa tun kafin Windows ya tashi. Sau da yawa tsohon madabod ba ya gane sabuwar furosesa sai an sabunta shi, kuma da tsohuwar furosesar ake yi, saboda haka kada a sayar da ita tukuna. Aikin minti kaɗan ne, amma idan aka ɗauke wuta a tsakiyarsa madabod na iya zama gawa. A yi shi a kan UPS mai cikakken caji, ko a kan sola. A kuma sani cewa lasisin Windows da ya zo da kwamfutar kamfani a jikin madabod yake ɗaure, idan an sauya madabod ba lallai ya biyo ba.

Tsoffin kayan da aka cire ba shara ba ne. Mai niƙa yakan mayar da ƙaramin injinsa wajen markaɗen tattasai da wake, ya ci gaba da kawo kuɗin cefane. Tsohuwar i3 da gigabait 4 ta isa yaro ya koyi buga rubutu da gwajin jarrabawa, ta isa Islamiyya ta ajiye sunayen ɗalibai, musamman idan an ɗora mata Linux Mint, wanda kyauta ne kuma ba ya neman ƙarfi da yawa. Ya fi a miƙa wa masu ƙona waya su ciri tagulla, hayaƙin ya koma ƙirjin yaran unguwa.

Ga 'yan'uwa masu sayarwa da masu gyara, roƙona kaɗan ne. Ku rubuta cikakkiyar lambar furosesa da ta madabod da irin ram a jikin rasit. Ku kunna a gaban mai saye, ku buɗe masa manhajar CPU-Z ya ga da idonsa cewa abin da ke ciki shi ne abin da aka faɗa. Ku ba shi kwanakin gwaji, domin ram mai lahani ba ya nuna kansa a minti biyar. Kai kuma mai shago, kafin ka hau Keke zuwa kasuwa ko ka tura kuɗi Kano ko Legas, ka rubuta abu huɗu a takarda: lambar furosesarka, sunan madabod ko lambar akwatin, irin ram da yawan ramukansa, da wat ɗin tukunyar wuta. Ka riƙe takardar a hannunka, kuma kada ka biya kuɗin komai sai mai sayarwa ya duba ta ya ce maka kayan zai hau.